Hoto Ɗaya Kullum: Kwana Arba'in da Ƙafa a Zariya

Talata, 1 ga Yuli, 2025. Kwana na 1

Yau na fara. Alkawarin da na ɗaukar wa kaina shi ne kwana arba'in, kullum in taka da ƙafa aƙalla awa guda a cikin Zariya, in dawo da hoto ɗaya tak. Ko ɗari na ɗauka, ɗaya ne zai kwana a wayata, sauran sai na goge su kafin in kwanta. Fuskar mutum kuwa ba na ɗauka sai ya ce to da bakinsa. Kyamara ba ni da ita. Wayar nan tawa ce mai tsagaggen gilashi, wadda batirinta ba ya kai La'asar in ba a yi mata caji da rana ba.

Abin da ya tunzura ni, watan jiya wani mutum ya kawo tsofaffin hotunan gidansu shagona a Kongo in yi masa kwafi. A ciki akwai wani marar kala, na ƙofar wani gida mai zanko huɗu, an yi mata zane tun daga ƙasa har sama. Ya ce mahaifinsa ya gaya masa a cikin birni ne, tunda ni ɗan birni ne, ko na gane wurin? Na juya hoton, na sake juyawa, na kasa. Ranar na ji kunya. A Zariya aka yanke mini cibiya, amma Zariyar da na sani ita ce wadda ake gani daga bayan ɗan acaɓa: Tudun Wada zuwa Kongo, Kongo zuwa Tudun Wada. Na roƙe shi ya bar mini kwafi ɗaya, yana cikin aljihuna.

Uwargida ta ce duk shekara ban ga lokacin yawo ba sai da damina ta kankama. Da gangan ne. Da hunturu ƙura ta shafe komai, sama da ƙasa launi ɗaya. Da bazara kuwa wa zai taka awa guda a rana? Yanzu ne sama take da gajimare, ƙasa ta yi ja, ciyawa ta yi kore shar.

Hoton yau ba abin a zo a gani ba ne. Kududdufin bakin layinmu, gajimare a kwance cikinsa, agwagwa biyu sun ratsa shi.

Alhamis, 3 ga Yuli. Kwana na 3

Na shiga ta Ƙofar Doka na bi gindin ganuwa. Ni da na taso ina jin "ganuwar Amina" a bakin manya, yau ne na fara tafiya ina kallonta da idon mai nema. Wani wuri tudu ne sosai, sai ka ɗaga kai. Wani wurin ta zama ɗan tsibi, awaki na kiwo a kai. Wani wurin babu ita sam, gida ya hau gurbinta, ko kuma an yashe ƙasar an yi tubali da ita. Na ga inda wani ya shuka masara a kan gadon bayanta, har ta kai gwiwa.

Wani dattijo mai sayar da goro ya ga ina ta ɗaga waya ina saukewa, ya ce, "Samari, me ya ɓace maka?" Na gaya masa. Ya ce to in ƙofofi zan bi, na san su? Na ce na san Doka da Gayan da Kuyambana. Ya yi dariya, ya shiga lanƙwasa yatsu: Doka, Kibo, Kuyambana, Gayan, Kona, Galadima, Bai, Jatau. Ya ce wanda bai zaga waɗannan da ƙafarsa ba, ya daina cewa shi Bazazzagi ne a gaban mutane. Na sayi goro na ɗari biyu, ladan karatu.

Na ajiye hoton masarar. Ganuwa ba ta ɗaukuwa a waya, wannan na gane yau. In ka matsa kusa, tarin ƙasa ce kawai. In ka ja baya, sai wayoyin lantarki da kwanon rufi su cinye ta. Sai ka sami wani abu a kanta da zai nuna girmanta.

Asabar, 5 ga Yuli. Kwana na 5

Na ɓata a cikin lunguna, kuma ɓatan ya yi rana. Ba zan faɗi unguwar ba, gidan mutane ne. Na fito wani ɗan fili sai ga zaure na ƙasa, zanko biyu a sama kamar kunnuwan zomo, indararo ɗaya na kwano da aka maye gurbin na asali da shi. Gaban zauren duk zane ne, irin wanda ake tayarwa da hannu tun yaɓe yana ɗanye: dagi a saman ƙofa, takobi a dama, a hagu kuma keke. Keke sosai, da sarƙa da sirdi da ƙararrawa.

Maigidan na zaune a kan buzu a bakin ƙofa yana jan carbi. Na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi, muka yi gaisuwa har ta damina da ta iyali. Sannan na ce, "Baba, alfarma nake nema, ina so in ɗauki hoton zanen nan."

Ya daɗe yana kallona. "Gwamnati ce ta aiko ka?"

"A'a, Baba."

"To 'yan jami'a ne?"

"Ni kaɗai ne, Baba. Sha'awa ce kawai."

Ya ce 'yan jami'a sun sha zuwa da takardu da abin awo, su auna su tafi, bai sake jin ɗuriyarsu ba. Amma in ɗauka, bango ne, ba ya ciwo. Shi dai kar in sa shi a ciki. Ya tashi da buzunsa ya koma gefe.

Keken, in ji shi, mahaifinsa ne ya sa magini ya zana shekarar da ya sayi keke, don a lokacin mai keke a unguwa abin nuni ne. Keken ƙarfen ya daɗe da zama tarihi, na bangon ne ya rage.

Na ɗauka sau goma sha wani abu, duk ba su yi ba. Rana na tsaka, hasken ya sauko daga sama ya daddale komai, zanen ya ɓace cikin bango kamar ba shi. Na nuna masa. Ya ce, "Ai ba yanzu ake ganinsa ba, ɗana. Ka zo da hantsi bai ɗaga ba." Dole na ajiye ɗaya don sharaɗi, amma ba da son raina ba.

Lahadi, 6 ga Yuli. Kwana na 6

Bakwai saura na isa. Gaskiyar Baba ce. Rana na fitowa ta gefe, kowane layi na zanen ya sami inuwarsa, sarƙar keken ta fito ƙwaya-ƙwaya, har sawun yatsun maginin ana gani a cikin dagin. Minti ashirin ya yi a haka, sai gajimare ya rufe.

Abin da ya ɗaure mini kai, zauren arewa yake kallo, ni kuma a sanina bangon arewa inuwa gare shi. Sai da na zauna na yi lissafi. Zariya tana wajen digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana ta arewa da mu take bi. Tana fitowa daga gabas maso arewa, ta faɗi yamma maso arewa. Da hunturu sai ta koma kudu, wannan bangon ya wuni a inuwa. Ashe da na bi shawarar uwargida na jira rani, da ban ga keken nan haka ba. Na gaya mata, ta ce to sannu masanin taurari.

Wannan ne hoto na farko da na ji ina so in wanke a takarda.

Laraba, 9 ga Yuli. Kwana na 9

Aiki ya riƙe ni a shago har Magariba, ɗalibai na ta buga takardu. Na tako gida da ƙafa don in cika awa. Mai gasa masara a bakin titi, garwashi ja, tartsatsi na tashi. Hannuna ya yi rawa, hoton ya yi dishi-dishi. Haka na ajiye shi.

Juma'a, 11 ga Yuli. Kwana na 11

Ƙofar Fada. Kowa ya zo Zariya da waya sai ya ɗauki ƙofar gidan Sarki da launukanta, saboda haka na ce ni ba zan ɗauka ba, sai ga ni na ɗauka sau shida. Dogarai cikin ja da kore, dawaki, mabarata, masu turare da hula da asuwaki sun baza kaya. Ranar Juma'a filin nan ba ya bukatar gwaninta, ko ina ka juya waya hoto ne.

Amma ba wannan ne ya tsaya mini a rai ba. Masallacin Juma'a ne. Tun wajen shekarun 1830, zamanin Sarki Abdulkarimu, Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina shi da ƙasa da azara, da ginshiƙai da bakan gizo, wato lanƙwasassun ginin da ke riƙe da rufi, waɗanda masu nazarin gine-gine ke tahowa daga ƙasashen waje su gani. Na yi salla a ciki ban san iyaka ba tun ina yaro, mahaifina na riƙe da hannuna. Ranar Juma'a 11 ga Agusta, 2023, ana sallar La'asar wani sashe nasa ya rufto a kan masallata, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu da rahama. Yau na binciki wayata da tsohuwar wayata da ke cikin durowa, hotuna dubbai, na biki da na suna da na takardun mutane, babu ko ɗaya na cikin masallacin nan. Kullum ina ganin ai yana nan.

Na goge na ƙofar fada duka. Na ajiye na takalman masallata, jere a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani yaro na gadinsu da lema.

Lahadi, 13 ga Yuli. Kwana na 13

Na haye gadar Kubanni zuwa PZ, na gangara Sabon Gari. Ruwan ya taso, ja wur, yana jan robobi da ledoji. Sunan PZ ɗin nan da muke kira ba tunani, na kamfanin Paterson Zochonis ne, tun zamanin kantunan Turawa. Duk wannan ɓangaren jirgin ƙasa ne ya haife shi. Layin dogon Baro zuwa Kano da aka kammala a 1911 ta nan ya bi, daga baya aka ja wani siriri zuwa Jos wanda aka rufe a 1957, aka kuma ja na Gusau da Ƙauran Namoda. Ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa daga kudu suka zauna, Sabon Gari ta tashi. Har yau ranar Lahadi da safe in ka bi wasu layukan, waƙar coci ta wannan gefe, karatun allo ta wancan.

Hoto: dogo ya nutse cikin ciyawa, tunkiya na kwance a tsakiya tana tuƙa, ko a jikinta.

Talata, 15 ga Yuli. Kwana na 15

Hutu ne yau, ana jana'izar tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura. Gari ya yi tsit. A teburin wani mai shayi a Tudun Wada mutum takwas sun haɗa kai a kan waya ɗaya da aka jingina da gwangwanin madara, suna kallo. Na nemi izini, suka ce in dai ta baya ne. Ƙeyoyi takwas da huluna takwas, shayi na hucewa ba mai kula shi.

Alhamis, 17 ga Yuli. Kwana na 17

Yau na sha tambayoyi. Inuwar wata bishiyar dalbejiya ce ta faɗo a kan farar katanga, na tsaya ina daidaita waya. Ban san katangar wata ma'aikata ce ba. Sai ji na yi an riƙe mini hannu. Mai gadi ne, da wani abokin aikinsa. Wa ya aiko ni, me nake leƙe, ina katin shaidata. Na ce, "Yallaɓai, inuwa nake ɗauka." Jin haka ya ƙara fusata shi, ya ɗauka raini ne. Sai da suka bi hotunan wayata ɗaya bayan ɗaya. Allah ya taimake ni sharaɗin gogewa ya sa ba su da yawa: agwagwa, masara, keke, takalma, tunkiya. Na biyun ya kalli abokinsa ya ce, "Rabu da shi, wannan ba lafiya gare shi ba." Suka sa na goge inuwar, suka sallame ni.

Raina ya ɓaci a hanya, amma da na huce ban ga laifinsu sosai ba. Halin da ake ciki na tsaro, baƙon mutum ya tsaya yana auna katanga da waya, ko ni ne zan tambaya. Garin nan kuma cike yake da wuraren da ba a wasa da su, ga Depot na sojoji, ga barikoki, ga kwalejin jiragen sama a Palladan. Daga yau sai na duba katangar wa ce kafin in ɗaga hannu.

Hoton yau: ƙafata a cikin taɓo. Abin da ya samu ke nan.

Asabar, 19 ga Yuli. Kwana na 19

Ɗan yayata ya maƙale sai ya bi ni, shekararsa goma sha uku. Muka hau Keke Napep zuwa Wusasa, daga can muka fara lissafin tafiya. Na nuna masa tsohon cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929 bayan 'yan mishan sun tashi daga cikin birni sun dawo nan. Ya tsaya yana kallo, ya ce, "Kawu, wannan ai irin ginin gidan su Kaka ne." Haka ne kuwa, ginin ƙasa ne na Hausawa, hannun maginan ƙasar nan. Wani mutum da muka tarar a harabar ya karɓe mu da fara'a, Hausarsa ta fi tawa tsafta. Na gaya wa yaron a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi, ya ce wane ne haka. Na ce zan haɗa shi da malaminsu na tarihi.

Daga nan muka nufi dutsen Kufena. Daga nesa kamar ka miƙa hannu ka taɓa, a ƙafa kuwa sai ka yi ta tafiya dutsen na ja da baya. Gonaki ko'ina, masara da dawa da gyaɗa. Ba mu kai ƙololuwa ba, dutsen ya jiƙe yana santsi, ni kuma ɗan mutane ne a hannuna. Daga inda muka tsaya ana hango birni shimfiɗe, rimaye sun yi masa tsaye nan da can, sama da kowane gini. A gindin duwatsun nan aka ce mutanen farko suka zauna kafin birnin ya koma inda yake yanzu.

Muna nan hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, rana kuma na bayanmu tana haska gonaki. Irin hasken da ba ya minti biyar. Na ɗauka uku, yaron ya karɓi wayar ya ɗauka ɗaya. Nasa ya fi. Na yi ta muhawara da kaina a daren, a ƙarshe na ajiye nawa, don alkawarin nawa ne. Nasa na tura wa uwarsa kafin in goge.

Ruwan ya kama mu a hanya, muka fake a wata rumfa da 'yan acaɓa goma.

Talata, 22 ga Yuli. Kwana na 22

Titin Gaskiya, da yamma. Ina sana'ar buga takarda amma ban taɓa takowa da ƙafa in tsaya gaban inda aka yi ta buga Hausar boko ba. A garin nan aka fara fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita, aka kafa kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. A hanyar kuma ga kwalejin Barewa, wadda ta faro a Katsina a 1921, ta yi zango a Kaduna, ta sauka nan a 1949. Su Murtala da Gowon a nan suka yi.

Duk da wannan tarihi, abin da na dawo da shi wata yarinya ce mai tallan dafaffiyar gyaɗa, ta kife faranti a ka saboda yayyafi. Ta baya na ɗauka, bayan na sayi gwangwani biyu ta ce to.

Alhamis, 24 ga Yuli. Kwana na 24

Cikin birni kuma. A wani zaure na tarar da masu ɗinkin hannu su huɗu, kowa da shadda a cinya. Babbansu yana kan aska takwas, ya gama askakin ya shiga tambari. Na zauna kusan awa ina kallo, har na manta abin da ya kawo ni. Allurar ba ta hutawa, shi kuma ko kallonta ba ya cika yi, hira yake da rediyo a gefe. Ya ce babbar riga irin wannan sai ta ci masa wata biyu, na'ura kuwa ta fitar da mai kama da ita a yini. "Mai kama da ita," ya sake faɗa, ya juya mini bayan ɗinkin in gani.

Na ce, "Malam, zan iya ɗauka?" Ya ce hannu dai, ban da fuska, don shi bai ga abin da fuskarsa ta yi ba, hannun ne ke aiki. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure ya isa, ban kunna fitilar waya ba. Fitilar nan ɓata shadda take, sai ta mai da ita kamar leda. Na jingina gwiwar hannu da bango don kar ya yi rawa irin na mai masara. Ya fito: babban yatsa mai kanta, allura, farin zare a kan shuɗi.

Asabar, 26 ga Yuli. Kwana na 26

Samaru. Daga Kwangila na fara takawa, na raina nisan, ƙafata ta gaya mini. Cikin jami'ar Ahmadu Bello na wuce wajen gumakan sashen zane-zane, inda ɗalibai suka bar ayyukansu shekara da shekaru a ƙarƙashin itatuwa, wasu gansakuka ta rufe su. Tun kafin a buɗe jami'ar a 1962 ake koyar da zane a nan, a 1958 ne su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu suna ɗalibai, suka ce ba za su yi ta kwaikwayon Turawa ba alhali ga zanen gida. Na tuna keken Baba. Maginin da ya yi shi bai taɓa shiga aji ba, kuma ba wanda ya rubuta sunansa.

Hoto: ƙadangare a kan kafaɗar wani gunki. Diddigena ya yi bororo.

Talata, 29 ga Yuli. Kwana na 29

Kwana uku ke nan ana ruwa ba ƙaƙƙautawa, marka ta shigo da wuri. Shekaranjiya da jiya a cikin unguwa na yi zagayena da lema, hotunan ba su cancanci magana ba. Yau da ya ɗan tsagaita na koma wajen Baba, don zauren na raina.

Tsaga ta fito daga gindin zankon hagu, ta gangaro ta bi ta bayan sirdin keken. Yatsana na shiga. Baba ya ce ya gani. Ya ce ginin ƙasa kamar jariri ne, kowace shekara sai an duba shi kafin ruwa ya sauka. Da can da bazara ake kiran magini ya bi rufi, a gyara indararo, a sake yaɓe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Masu hali kuma su sa laso, wanda ake haɗawa da katsin da ake kwasowa daga karofin marina. Yanzu marinar ma nawa ta rage, balle katsi? Maginin da ya saba yi masa ya rasu, 'ya'yansa bulo suke yi. Wani ya ba shi shawara ya shafe bangon da siminti, ya ƙi, don ya ga abin da siminti ke yi wa ginin ƙasa: ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya da rabin bango.

'Ya'yansa kuma so suke a rushe zauren a fitar da shaguna biyu. Bai zage su ba. Ya ce suna da gaskiyarsu, shago na kawo haya, zaure kuwa ci yake yi.

Sai na tuna da kwafin da ke aljihuna, har ya fara laushi. Na miƙa masa. Ya nisanta shi da ido, ya kawo kusa, ya kira sunan gidan nan take, da sunan mai shi, da sana'arsa. Ya ce bai fi tafiyar minti biyar daga nan ba. "Amma kar ka wahalar da kanka neman zanko. Inda ake cajin waya ne yanzu." Na je. Shago ne mai jan ƙyaure, janareta na ruri a waje. Na tsaya daidai inda nake jin mai hoton farko ya tsaya, na ɗaga tsohon hoton da hannun hagu, na ɗauke su tare. Na kira mai hotunan na gaya masa, ya yi shiru, sannan ya ce in turo masa ta WhatsApp.

Asabar, 2 ga Agusta. Kwana na 33

Daren Alhamis aka yi ruwa da iska. Jiya ban samu zuwa ba. Yau na tarar zankon hagu ya faɗo, ya tafi da bango kamar faɗin tabarma. Ƙafar keken ta baya da sirdi da rabin sarƙa suna ƙasa, sun koma jar laka, yara sun riga sun tattake. Ƙafar gaba da ƙararrawa suna nan. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, cikin dare ne. An kafa azara biyu an tokare abin da ya rage, an rufa leda.

Dama na zo da hoton kwana na 6, na wanke shi babba a takarda mai ƙyalli, na sa a leda. Na rasa ma yadda zan ba shi a irin wannan rana. Na dai gaishe shi, na yi masa jaje, na miƙa. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa. Ya daɗe bai ce komai ba. Ya sa yatsa yana bin sarƙar. Sannan ya ɗaga murya ya kira jikarsa, ya ce ta kai cikin gida a nuna wa Hajiya, ta riƙe da hannu biyu.

Na tambaye shi ko in ɗauki bangon yadda yake yanzu. Ya ce, "Ɗauki mana. Wancan ma ai ba ka san za ka ɗauki na ƙarshe ba."

Na so in jira hasken gefe, gajimare bai ba da hanya ba. Na ɗauka a haka.

Lahadi, 3 ga Agusta. Kwana na 34

Baba ya aiko jikansa har shago, ko da yake Lahadi ce sai da ya nemo gidana. Yana son kwafi biyu ƙari. Ɗaya za a kai wa babban ɗansa a Kaduna. Ɗayan na wani magini ne da aka ba shi labari a wani ƙauye ta hanyar Soba, wai har yanzu yana aikin ƙasa, yana so a nuna masa a ji ko zai iya tayar da ƙafar baya in ruwa ya ɗauke. Na ce wa yaron ya gaya wa Baba gobe da Azahar suna hannunsa, kuma ba kuɗi.

Yau Gyallesu na zaga, na dawo da hoton wani mai faci yana nutsa tayar babur a cikin bahon ruwa yana neman kumfa. Saura kwana shida. Cikin ƙofofin da mai goro ya lissafa mini, Kona da Galadima da Jatau ban taka ba tukuna, ga takalmina na dama ya buɗe baki. Gobe kafin shago sai na biya wajen mai gyara.